Motar Alu Ta Daina Shan Mai

Dutsin-Ma, Oktoba 1961

Takarda ta fito daga hannun ƙanenki Bilya zuwa ga Yaya Hawwa'u a Kurfi. Gaisuwa mai yawa da so da yarda. Ina fata kuna lafiya ke da yara, kamar yadda muke nan lafiya. Yaya ƙafar maigidanki Yaya Alu? Direbobin Katsina sun ce mini kurkunun a idon sawu ya fito, ko ƙasa ba ya iya takawa, balle totur. Allah ya sawwaƙe, ya sa kaffara ce.

Bayan haka, Yaya, albishirinki. Ƙanenki ya yi abin da aka yi ta magana a kansa a tasha.

Kin san Alhaji Sabitu, mai motar da Yaya Alu yake ja. Da ƙafar nan ta kwantar da shi, Alhaji ya ba wani direba, Rabo, riƙon motar, don kakar gyaɗa ba ta jiran kowa. Makon jiya suka kawo ta garejinmu, wai tana tari da safe. Maigidana Obadiya ya tafi Zariya sayen kayan gyara, ni kaɗai ne a wurin. Da na gan ta sai na gane ta, tsohuwar motar sojan nan da na koyi riƙon sifana a ƙarƙashinta. Na ce a raina, yau ko in yi suna ko in ji kunya.

Rabo ya tayar da ita, na zagaya baya. Hayaƙi baƙi ƙirin, ga warin ɗanyen fetur har yana sa ido ruwa. Na kwance fulogi, duk sun yi kunkunniya kamar gindin tukunya. Nan na gane ba tari take ba, ƙwarewa take yi.

Bari in yi miki bayani yadda za ki gane. A jikin inji akwai wani abu da muke kira kafireta. Ita ce ƙwaryar da mota take dama furarta, sai dai ita da fetur da iska take damu. In damun ya yi daidai, inji ya sha ya ƙoshi ya yi ƙarfi. In fetur ya yi yawa iska ta yi kaɗan, sai ya yi kauri, inji ya sha rabi ya amayar da rabi ta salansa. Motar Yaya Alu ta daɗe tana amayar da rabin abincinta a hanya.

Na sauke kafiretar, na warware ta a kan tabarma, na wanke komai da fetur. Na wanke matatar iska, wadda ta toshe da ƙasa da ƙaiƙayin gyaɗa. Na gyara 'yar ƙwaryar da ke iyo a ciki, wadda ke tsayar da mai in ya cika. Na yi wani ɗan abu kuma, wannan sirrin sana'a ne. Da na mayar, na sa aka tayar, na kara kunnena, ina juya kusar iska a hankali a hankali. Inji yana rawa, yana rawa, sai kawai ya kwanta, ya koma yana gurnani kamar kyanwa ta ƙoshi. Rabo ya ce tun da yake bai taɓa jin tsohuwar mota ta yi irin wannan murya ba.

To, ga inda daɗin yake. Kullum in motar za ta Funtuwa, Alhaji yakan cika tanki ya ƙara garwa biyu ta fetur a baya, don tankin ba ya kai ta ya dawo da ita. Rabo ya je ya dawo, ya sauke wa Alhaji garwa biyun nan a ƙofar gida ko buɗe su ba a yi ba. Alhaji da kansa ya tako har gareji, a gaban direbobi ya dafa kafaɗata, ya ce daga yau motocinsa uku ni zan riƙa duba su. Yanzu in na ratsa tasha sai ki ji ana cewa ga mai kunnen inji nan.

Don Allah kada ki faɗa wa Yaya Alu. Ina so ya hau da kansa ya ji.

Ki gaida ɗiyarki Turai da ƙannenta. In an sami mai zuwa garinmu Tamawa a gaida mahaifiyarmu Dada. Haza wassalam.

Ƙanenki, Bilya

Kurfi, Oktoba 1961

Daga Hawwa'u zuwa ga ƙanena Bilya. Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso, mun gode Allah.

Ka ce kada in faɗa wa yayanka. Ka manta ni ban iya karatu a zuci ba. Malamar yaƙi da jahilci da ƙarfi ta koya mana, baƙi baƙi. Shi kuwa yana kwance nan kusa a kan tabarma, ƙafa a kan turmi. Kafin in kai wurin da ka ce kada in faɗa, ya riga ya ji duka.

Ya yi dariya har ƙafar ta motsa ya yi salati. Duk wanda ya shigo dubiya sai ya ce in ɗauko takarda in sake karantawa. Na karanta wa limamin unguwa, na karanta wa mai aski. Yana ta cewa, "Kun ji yaron da na ɗauko daga Tamawa bayan rasuwar Baffa mahaifinsu, ko sunan sifana bai sani ba, yana ce mata ƙarfe mai baki." Ya ce in gaya maka ya ji daɗi, amma kada ka sa tsohuwar motar azumi, ta saba da ci.

Kurkunun ya fito da kai. Ana naɗe shi a tsinke kullum kaɗan kaɗan, ba a ja da ƙarfi kada ya tsinke a ciki. Wanzami ya ce kafin a gama ɗaukar gyaɗa zai miƙe. Shi duk hankalinsa yana kan mota. In ya ji ƙarar babbar mota a hanya sai ya ɗaga kai ya ce wannan ta wane ce, wannan ta wane ce.

Dada ta aiko da man shanu, na raba na ajiye maka naka. Ka riƙa cin abinci, ka rage yawan baki. Allah ya ƙara buɗi. Ka gaida maigidanka da matarsa Salomi.

Yayarka, Hawwa'u

Kurfi, Nuwamba 1961

Bilya, gaisuwa.

Ranar kasuwa wakilin Alhaji Sabitu ya zo. Bai zauna ba, ko ruwa bai karɓa ba. Yayanka ya ja jiki har zaure. Ina bayan ƙofa ina ji. Ya ce Alhaji ya ce a ba shi ɗaya mabuɗin motar da jakar kayan aiki. Ya ce Alhaji ya gode, in ƙafa ta warke ba sai an koma ba.

Yayanka ya ce, "Laifin me na yi?"

Wakilin ya ce, "Ka tambayi garwa."

Ban gane ba sai washegari. Na aiki Turai rijiya, ta dawo da tulu rabi tana kuka, wai yara suna ce mata ɗiyar mai sayar da fetur. Da yamma mai injin niƙa na bakin kasuwa ya yi sallama. Na ɗauka dubiya ya zo. Ashe tambaya ya zo yi, wai ko akwai sauran mai a gidan a rage masa da sauƙi, tun da yanzu hanya ta toshe. Da murmushinsa ya faɗa. Yayanka ya juya fuska bango.

Ka san gidan nan. Ka kwana a cikinsa shekaru. Ka taɓa ganin garwar fetur a ciki? Mutumin da in fasinja ya manta ɗaurin goro a mota sai ya bi shi da shi har ƙauyensu.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Rabo yana faɗi a tashar Kurfi cewa ba Alhaji ne ya fara zargin ba. Wai bakanike ne ya buɗe masa ido, kuma bakaniken ƙanen matar mutumin ne, ya fi kowa sanin gidan. Na ce ƙarya yake. Na faɗa a gaban mata cewa ƙarya yake. Ka rubuto mini abin da ya fito daga bakinka, kada ka rage, kada ka ƙara.

Hawwa'u

Dutsin-Ma, Nuwamba 1961

Zuwa ga Yaya Hawwa'u. Ina gaishe ki, in kin amsa. Ina gaida Yaya Alu, ko da yake na san ban isa ba.

Yaya, Rabo bai yi ƙarya ba.

Ranar da Alhaji ya zo gareji, abin da na rubuto miki rabi ne. Bayan ya dafa kafaɗata, direbobi sun kewaye mu, sai ya ce, "To, Bilya, in mota tana iya zuwa Funtuwa ta dawo da tanki ɗaya, shekara da shekaru garwa biyun nan ina suke zuwa?"

Ni kuwa na ce, "Ranka ya daɗe, ni cikin inji na sani, ban san cikin mutum ba."

Aka fashe da dariya. Wallahi, Yaya, ban nufi sata ba. Amma kuma ba zan ce miki ban ga fuskar Alhaji ta sauya ba. Na gani. Na ga ya daina dariya kafin kowa. Da na buɗe baki a lokacin da magana ta ƙare a nan. Ban buɗe ba, don dariyar ta yi mini daɗi.

Na san inda man yake zuwa, tun ranar na sani. Abin da na ce miki sirrin sana'a ne ba wani sirri ba ne. A cikin kafireta akwai wani ɗan guntun tagulla, bai fi ƙwayar wake ba, da huda a tsakiyarsa. Jet muke ce masa. Ta hudar nan fetur yake bi ya shiga inji, an kuwa yi ta ne daidai gwargwado. Na motar Yaya Alu hudarsa ta buɗe ta yi faɗi, mai yana kwarara kamar an fasa tulu. Na cire shi na sa wani da na samu a akwatin maigidana. Aikin ke nan. Wankin da juya kusar sun taimaka, amma garwa biyun nan ta hudar nan suke fita. Da na faɗi haka, da kowa ya ga ba kunne ba ne, ɗan wake ne aka sauya, kowane bakanike zai iya. Ni kuwa ina son a ce mai kunnen inji.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Hudar ba da kanta ta buɗe ba. Kin san 'yar wayar nan da Yaya Alu yake sokewa a hularsa. In mota ta shaƙe a hanya, da ita yake zungurar jet ya fitar da datti. Waya ƙarfe ce, jet tagulla ne, kowace zungura tana ɗan ci. Kamata ya yi a hura da baki ko da famfon taya. Ni ma da waya ya koya mini, sai da na zo wurin Obadiya na daina.

Da maigida ya dawo daga Zariya ya ji labari, sai ya ce in kawo tsohon jet ɗin. Ya ɗaga shi a rana ya leƙa hudar, ya miƙo mini, ya dube ni. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi. Tun ranar ba ya ce mini komai sai miƙo wannan, ɗaure wancan.

Na je ƙofar gidan Alhaji na dawo, na sake zuwa na dawo. Jet ɗin yana aljihuna, ko'ina da shi nake yawo. In na yi shiru, Yaya Alu ɓarawo ne. In na yi magana, mutumin da ya ja mota a ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya, wanda rabin direbobin hanyar nan a hannunsa suka koya, za a ce shi ya ɓata motarsa da hannunsa bai sani ba, kuma yaron da ya raina ne ya tona. Ko ta ina na juya ni ne na kunyata shi.

Ki gaya mini abin da zan yi. Don Allah maganar waya kada ki karanta masa.

Ƙanenki mai laifi, Bilya

Kurfi, Nuwamba 1961

Bilya, na amsa gaisuwarka don Allah ya ce a amsa.

Wannan karon bayan rumbu na je na karanta, ni kaɗai. Na zauna a wurin har kaji suka shiga akurki. Na tuna matan da na ce wa Rabo maƙaryaci ne a gabansu. Ban san da wane ido zan je suna ko biki ba.

Na karanta masa duka, har maganar waya. Na gaji da zama tsakaninku da abu a baki.

Da na kai wurin cikin inji da cikin mutum, bai motsa ba. Da na kai wurin waya sai ya tashi zaune. Ya cire hula, ya zaro ta, ya riƙe. Ya ce, "Da wagga na fid da mota daga taɓo a Bama, ruwa na zuba, Bature na tsaye na kallo. Yau ita ce ta ci tagulla?" Ya ce, "Jiya ɓarawo, yau jahili. Ki tambaye shi gobe mene ne." Bai yarda ba, Bilya. Yana ganin ka ƙago ne don ka wanke bakinka. Ni ban san inji ba, ban san wanda ya fi gaskiya a nan ba.

Kurkunun ya fita duka, ciwon ya kama warkewa, yana takawa a tsakar gida. Amma ba ya fita. A ɗaki yake salla. Ranar Juma'a abokansa suka biyo masa, ya ce in ce musu ƙafa ce. Mutumin da ba ya iya wuni bai je tasha ba.

Labari ya kai Tamawa. Dada ta tako da ƙafa, ba ta jira jaki ba. Ta zauna a ƙofar ɗakina, lulluɓe har fuska. Na kawo tuwo ta ƙi, na kawo fura ta ƙi. Ta ce ba za ta ci abincin gidan da ɗanta ya ɓata wa suna ba. Yayanka ya aiko daga ɗaki a ce mata ba ruwanta, ta ci. Sai ta fashe da kuka. Haka ta koma da yunwarta.

Ka ce in gaya maka abin da za ka yi. Kai ma ka sani, so kake wani ya ɗauke maka. Dariyar rashin sani takan yi kwanaki ta wuce. Sunan sata har jikoki ake gadonsa, ranar da za a nemi auren Turai sai an tono shi. Ko zai ji haushinka har ya mutu, ka cire masa wannan. A gaban mutane ka ɓata, ba a soron Alhaji za ka gyara ba.

Kada ka sake rubuto mini sai ka yi.

Hawwa'u

Dutsin-Ma, Disamba 1961

Zuwa ga abokina Malam Alu direba, a Kurfi. Daga Obadiya bakanike. Ina gaishe ka da gaisuwa ta girmamawa, kai da iyalinka. Na yi murna da jin ƙafarka ta warke. Na san uwargida ce za ta karanta maka, ita ma ina gaishe ta.

Ban saba rubuta maka takarda ba, mun saba magana a gindin mota. Na rubuto ne domin yaron nan Bilya ya kasa. Ya ɗauki fensir ya ajiye har na gaji da kallonsa. Abin da zan faɗa da idona na gani.

Ranar kasuwar Dutsin-Ma, Alhaji Sabitu yana tasha ana loda masa gyaɗa, wuri ya cika. Bilya ya ratsa mutane ya durƙusa a gabansa. Ya ɗaga murya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na yi wa Yaya Alu ƙazafi da bakina. Bai taɓa ɗaukar maka ɗigon mai ba. Ga ɓarawon nan." Ya buɗe hannu ya nuna tsohon jet. Ya faɗi yadda ya ɓoye maganar domin a yabe shi. Bai rage wa kansa komai ba.

Alhaji ya ce, "Mijin yayarka ne, dole ka kare shi. An matsa maka a gida ke nan."

Bilya ya ce a gwada. A mayar da tsohon jet, a cika tanki, Alhaji ya sa kwaɗo a murfin ya riƙe mabuɗi, kada a ba da garwa ko ɗaya. In mota ta je Funtuwa ta dawo, shi maƙaryaci ne, ya bar sana'a. Direbobi suka ce a yi, Alhaji ya ga ba dama ya yarda. A nan cikin tasha yaron ya sauke kafireta ya mayar da shi, kowa yana kallo. Da Rabo ya tayar, baƙin hayaƙin da muka sani ya dawo.

Washegari da la'asar wani mai keke ya shigo gari da saƙo, wai mota ta mutu a hanyar dawowa tun kafin a hango duwatsun gari, a zo da mai. Mabuɗi kuwa yana aljihun Alhaji, dole shi da kansa. Muka shiga wata motarsa, mutane suka ɗare baya kamar za a ɗaurin aure. Muka tarar da Rabo zaune a kan buhunan gishiri. Alhaji ya duba kwaɗonsa, lafiya lau. Ya buɗe, ya zura kara a tanki, ya fito a bushe. Ya daɗe yana kallon karan. Sai ya ce, "Astagfirullah. Na ci naman bawan Allah." Kowa ya ji.

Saboda haka maganar sata ta mutu, a Dutsin-Ma dai. Direbobin da suka gani za su kawo ta Kurfi.

Ba zan ɓoye maka sauran ba, domin gara ka ji daga wurina. Alhaji ya tambayi abin da ya buɗe hudar, yaron ya sunkuyar da kai ya faɗa. An yi dariya. Wasu marasa kunya suna cewa Alu mai tsinke. Maganar waya gaskiya ce, abokina, tagulla ba ta jure ƙarfe. Amma na ce musu, a tsakiyar daji, inda babu famfo babu sabon jet, waya ce take kawo mutum gida. Na ce duk wanda bai taɓa yi ba ya cire hularsa mu gani. Ba wanda ya cire.

Alhaji ya ce zai aiko wakilinsa a ba ka haƙuri ka dawo. Na ce masa da shi ya je da ya fi, ya yi kamar bai ji ba. Wannan tsakaninku ne.

Abin da ya dame ni yaron ne. Tun daga ranar bai taɓa motar Alhaji ba, ya ce in gyara da kaina. Ba ya bi ta tasha, ta bayan kasuwa yake zagayawa. Abincin da Salomi take aika masa haka yake dawowa a rufe. Jiya na ga ya ɗaure akwatinsa, ya ce Kaduna zai tafi, inda ba a san shi ba. Na yi fushi da shi ƙwarai, har yanzu ban gama hucewa ba. Amma hannunsa yana da kyau, kuma abin da ya yi a tasha manya da yawa ba za su iya ba. Na hana shi, bai ji ba. Ba maganata yake jira ba.

Ban ce ka yafe ba, ba ni aka yi wa ba. Na dai gaya maka yadda abubuwa suke. Allah ya ba ka haƙuri, ya kiyaye gidanka.

Naka da aminci, Obadiya

Kurfi, Disamba 1961

Daga Alu direba zuwa ga Bilya. Yayarka ke rubutawa, ni ke faɗi.

Takardar Obadiya ta iso. Wakilin Alhaji ya zo, na ba shi ruwa ya sha, na sallame shi. Ban ba shi amsa ba tukuna.

Kwance akwatinka. Wanda ya gudu, na gida yake bar wa kunyarsa, uwarka kuwa ta tsufa.

Ka zo ranar kasuwa. Kada ka jira magariba, kada ka biyo ta bayan gari. Ka sauka a tasha da rana tsaka, can za ka iske ni zaune. Abin da zan ce maka ban sani ba, sai na ga fuskarka. Wassalam.

Bilya, ni ce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na ce masa ba a sa gaisuwa a farkon takarda ba, in ƙara? Ya ce in bar wurin haka nan, in ka zo ka kawo ta da bakinka.

Hawwa'u